Renon Yara da Koyon Sana'a: Sha'anin Gida Ne, Ko Ya Shafi Masu Koyarwa?

Tambaya: "Ina cikin kwamitin da ke tsara wani shirin koyar da walda, aikin lantarki, aikin famfo da gini. Shiri ne na shekara huɗu, mai koyo yana aiki ana biyansa, yana kuma shiga aji. A zamanmu na ƙarshe wata daga cikinmu ta dage sai an ware kuɗi domin renon yaran masu koyo. Ni kuwa ina ganin wannan sha'anin gida ne, kuɗin ya fi dacewa da injina da malamai. Da gaske rashin mai reno yana hana mutane shiga koyon sana'a ko gama ta, ko zuzuta maganar ake yi?"

Malam, abokiyar aikinka tana da gaskiya, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wanda ya daɗe yana tura masu koyo wuraren aiki, yana bin diddigin awoyinsu, yana kuma sa hannu a takardar sallamar waɗanda suka gaza. Sai dai zan ƙara mata abu guda. Kuɗi rabin maganar ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi cin mutane, agogo ne. Kwamitin da ya ware kuɗi bai dubi agogo ba, zai kashe kuɗin kuma mutanen su tafi.

Bari mu fara da yadda aka gina irin wannan koyo, domin a nan ciwon yake. Ɗalibin makaranta idan ya rasa darasi, yana iya aron littafin abokinsa ya kwafa. Mai koyon sana'a da awoyi ake auna shi, kuma ba a aron awa. A Amurka, inda tsarin ya samo asali daga dokar 1937, ana lissafa wa mai koyo awa 2,000 na aiki a shekara, da awa 144 na aji. Mai koyon lantarki yakan buƙaci awa 8,000 kafin a ba shi takardar ƙwarewa. Albashinsa yana farawa daga wajen rabin na ƙwararre, ko ƙasa da haka, kuma ba ya hawa sai ya cika wani adadi na awoyi. Ƙasashe sun bambanta a lissafin, amma ginin iri ɗaya ne. Saboda haka ranar da uwa ko uba ya zauna a gida domin ba mai riƙe yaro, asara uku ya yi a lokaci guda: ladan ranar ya tafi, ranar ƙarin albashi ta matsa gaba, sannan sunansa ya shiga littafin oga a matsayin wanda ba a dogara da shi. Ta ukun nan ta fi ciwo. Wanda oga ba ya dogara da shi, shi ake ba wa share fili da ɗaukar kaya, shi ne kuma na farko da ake cewa ya huta idan aiki ya ja baya. Ga shi a wurin aiki, amma hannunsa bai taɓa abin da ya zo koya ba.

Yanzu dubi agogon. Aikin gini da na masana'anta ƙarfe shida ko bakwai na safe ake farawa, wani lokaci kafin haka idan ana gudun zafin rana ko ana so a sauke kaya kafin hanya ta cika. Wurin aikin kuma ba a ƙofar gida yake ba, awa ɗaya ko fiye a hanya ba abin mamaki ba ne. Gidan renon yara kuwa an tsara shi ne a kan ma'aikacin ofis, mai shiga takwas ko tara ya tashi biyar. Wani babban bincike da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa a 2012 ya nuna kashi 8 cikin 100 ne kacal na cibiyoyin reno ke karɓar yara da dare ko a ƙarshen mako. Ko da an ba mace kuɗin reno a hannu, idan ƙofar gidan renon ba ta buɗewa sai bayan da ya kamata a ce ta riga ta sa hular kwano ta ɗauki kayan aiki, kuɗin bai yi mata maganin komai ba.

Akwai wata mai koyon walda da na taɓa kula da ita, tana shekara ta biyu, hannunta ya yi kyau ƙwarai. Malaminta yakan ɗaga ƙarfen da ta haɗa ya nuna wa sauran, ya ce su dubi yadda ɗinkin ya tafi sumul ba rami ba kumfa. Sai ta soma makara, minti ashirin yau, rabin awa jibi. Da na kira ta ofis, ba ta yi dogon bayani ba, sai ta ciro wata 'yar takarda da ta ninke a aljihun rigar aikinta ta miƙo mini. Jadawali ne ta rubuta da hannunta. Ƙarfe huɗu da rabi ta tashi. Biyar saura kwata ta naɗe yaron cikin bargo yana barci ta kai wa maƙwabciya. Bakwai da rabi ƙanwarta ta zo ta ɗauke shi ta kai gidan reno kafin ta wuce makaranta. Shida na yamma gidan reno ya rufe, kuma kowane minti na makara akwai tara. Ranakun da take da aji da dare, wata 'yar'uwa ce ta uku ke ɗauko shi. Mutum uku, ban da gidan renon, domin a riƙe yaro ɗaya. Ta ce da ni, "Malam, maƙwabciyar ce ta samu aikin dare, yanzu ba ta dawowa sai shida." Igiya ɗaya ta tsinke, duka kayan suka zube. A littafin oga kuwa kalma ɗaya aka rubuta mata: makara.

Ban da fara aiki da asuba, akwai abubuwa uku da ke ƙara dagula lissafin. Na farko, ba a san lokacin tashi ba. Ranar da aka fara zuba kankare ba mai barin wurin sai an gama, domin siminti ba ya jiran kowa. Haka in an kashe wutar wata masana'anta domin gyara, sai an mayar da ita kafin a tafi. Ƙarfe uku oga zai ce, "Yau akwai ƙarin awoyi," kuma mai koyo ba shi da bakin cewa a'a. Na biyu, wurin aikin yana tafiya. Wata uku a gabashin gari, wata biyar a yamma, daga nan a tura mutum wani gari dabam. Gidan renon da ke kan hanya a watan jiya, a wannan watan ya koma bayan hanya. Na uku shi ne ajin kansa. Wasu shirye-shiryen da dare suke yinsa bayan an tashi aiki, wasu ranar hutun mako, wasu kuma, kamar yadda ake yi a sassan Kanada, sukan tattara shi mako takwas a jere a kwaleji, wadda ƙila tana wani gari. Kowanne a cikin ukun nan yana buƙatar mai riƙe yaro a lokacin da masu reno ba sa aiki.

Ƙila ka ce masu koyo yara ne, ina su ina 'ya'ya? Wannan ya danganta da wurin. A Jamus matsakaicin shekarun masu fara koyo wajen 20 ne, saboda daga makaranta suke shiga kai tsaye. A Amurka kuwa ya kusa 30. Mutum ya yi ƙananan ayyuka shekara goma, ya yi aure, ya haihu, sannan ya gane yana buƙatar sana'ar da za ta riƙe iyali. Sau da yawa haihuwar ce ma ta kawo shi ƙofarku. Ka duba takardun masu neman shiga shirinku, ka ƙirga waɗanda suka haura 25. Kuma kada a ɗauka maganar mata ce kawai. Na ga uban da matarsa ke aikin jinya na dare, ba ta isowa gida sai bakwai da rabi na safe, shi kuma bakwai ake son ya kama aiki. Na ga wanda matarsa ta rasu ta bar masa biyu. Maza ba su cika faɗa ba, kunya suke ji, sai su ce mota ce ta lalace.

Sai kuɗi. Abin da ke sa lamarin ya yi tsanani shi ne lokacin da albashin mai koyo ya fi ƙanƙanta, lokacin ne kuma renon yaronsa ya fi tsada. Jariri ba kamar ɗan shekara huɗu ba ne. Inda ake da ƙa'ida, mai reno ɗaya jarirai uku ko huɗu kawai aka yarda ta riƙe, saboda haka dole kuɗin kowanne ya yi yawa, dole kuma guraben su yi kaɗan. Wata cibiyar bincike a Amurka ta lissafa a 2018 cewa kashi 51 cikin 100 na mutanen ƙasar suna zaune ne a yankunan da ko dai ba gidan reno mai lasisi, ko yaran sun ninka guraben fiye da sau uku. Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta a 2021 cewa yara miliyan 350 da ba su isa shiga firamare ba suna buƙatar reno amma ba su samu ba.

Akwai wani tarko da ba ya bayyana sai mutum ya faɗa ciki. A ƙasashen da gwamnati ke tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin reno, tallafin yana da iyakar samu. A Amurka dokar tarayya ba ta yarda a wuce kashi 85 cikin 100 na matsakaicin samun iyali a jiha ba, kuma jihohi da yawa sun sa tasu iyakar ƙasa da haka. Mai koyo kuwa albashinsa hawa yake yi daki-daki. Wata rana ƙarin da aka yi masa zai tsallakar da shi iyakar da ɗan kaɗan, tallafin ya yanke, abin da ya rasa ya ninka abin da aka ƙara masa. Na taɓa zama da wani ɗan koyo da ya roƙe ni in jinkirta masa ƙarin albashi. Ya zo da lissafinsa a rubuce, na duba, na ga bai yi kuskure ba ko ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, ganin mutum ya yi aiki ya cancanci ƙari, tsari ya sa yana tsoron karɓa. A Ingila ma akwai irin wannan giɓi: shirin Care to Learn, mai biya wa iyayen da ba su kai shekara 20 ba kuɗin reno idan suna karatu, a ƙa'idarsa bai haɗa da mai koyon sana'a da ke karɓar albashi ba. Ga masu tallafin ɗalibai shi ma'aikaci ne, ga kasuwar reno kuma albashinsa na ɗalibi ne. Sannan ga lokutan da aiki ke tsayawa tsakanin kwangila da kwangila. Ba albashi, amma in ka daina biyan gidan reno an ba wa wani gurbinka, ranar da aka kira ka aiki kuma sai ka koma ƙarshen layi.

Duk wannan a kan waɗanda suka shiga ne. Waɗanda suka fi yawa ba za ka taɓa ganinsu ba, domin ba su cike fom ba. Mace ta ji sanarwa, ta tambayi lokacin fara aiki, aka ce shida, ta dubi goyonta, ta ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Babu littafin da zai rubuta ta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 cewa mata miliyan 606 da suka isa aiki ba sa cikin masu aiki ko neman aiki saboda hidimar gida da reno, maza kuwa miliyan 41. A Amurka a 1978 aka sa burin cewa mata su riƙa yin kashi 6.9 cikin 100 na awoyin aiki a gine-ginen kwangilar gwamnatin tarayya. An haura shekara 40, mata a sana'o'in gini na hannu suna nan wajen kashi 4 cikin 100. A 2021 wata cibiyar binciken harkokin mata a Washington ta tambayi mata 2,635 masu irin waɗannan sana'o'i. Fiye da 4 cikin 10 sun ce sun taɓa yin tunanin barin aikin da gaske, kuma a cikin masu 'ya'ya daga cikinsu, kusan 7 cikin 10 sun ambaci wahalar samun mai reno.

Ba zan ce maka reno ne kaɗai ke korar mata ba, domin in na ce haka na yi ƙarya. Akwai cin zarafi da maganganun banza a wurin aiki, akwai rashin banɗaki mai tsafta, akwai ogan da ba zai taɓa miƙa wa mace aikin da ake koyo da shi ba. A binciken da na ambata ma, cin zarafi da rashin mutuntawa suna gaba-gaba. Amma reno ya bambanta da su ta fuska ɗaya: kwamiti irin naku yana iya taɓa shi da biro da kasafi a zama guda.

Kuma abin bai tsaya ga ƙasashe masu arziki ba. A Malawi an yi nazarin wani shiri da ya riƙa tura matasa wurin ƙwararrun masu sana'a su koya, aka wallafa sakamakon a 2013. Abin da aka gani shi ne maza kan bar koyo ne idan wata dama ta samu, mata kuwa hidimar iyali, rashin lafiya a gida da nisan wuri ke cire su. A Laberiya, shirin horar da 'yan mata da aka fara a 2010 da tallafin Bankin Duniya ya tanadi masu reno kyauta a wuraren horon, ya kuma ba da zaɓin ajin safe ko na yamma. Halartar ta yi kyau sosai, samun aikin waɗanda aka horar ya ƙaru da kashi 47 cikin 100, abin da suke samu kuma da kashi 80. Shirin ya haɗa abubuwa da yawa, ba reno ne kaɗai ya kawo wannan ba, amma da ba a buɗe wa masu goyo ƙofa ba, da yawansu ba za su zauna a ajin ba balle su amfana.

Kafin reno akwai ciki da haihuwa, kuma a nan ake rasa mata da yawa tun kafin a kai ga maganar gidan reno. Mai ciki wata bakwai ba za ta hau tsani da kaya ba, bai kuma kamata ta yini tana shaƙar hayaƙin walda ba. Dokar hutun iyali ta Amurka ta 1993 ta ba da mako 12 ba albashi, amma sai ga wanda ya yi wata 12 da awa 1,250 a wurin mai ba da aiki guda. Mai koyo da ake juyawa daga wannan ɗan kwangila zuwa wancan yakan kasa cika sharaɗin. Ƙungiyar ma'aikatan ƙarfen gini ta Amurka da Kanada ta ga haka, a 2017 ta fito da hutun haihuwa mai biya, har wata shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, takwas idan tiyata aka yi. Abin da nake so kwamitinku ya rubuta baro-baro shi ne wannan: wadda ta tafi haihuwa awoyinta suna nan a ajiye, gurbinta yana nan, in ta dawo daga inda ta tsaya za ta ɗora. Wannan jimla ba ta cin ko sisi, amma na ga shirye-shiryen da ba su da ita.

To me ya yi aiki a inda aka gwada? Misalin da nake yawan tunawa tsoho ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Kaiser mai ƙera jiragen ruwa a birnin Portland na Amurka ya ɗauki dubban mata, da yawansu a aikin walda. A 1943 ya buɗe gidajen reno biyu a bakin ƙofar wuraren aikin, suna aiki dare da rana domin su dace da kowane zubi na ma'aikata, har da ɗakin da ma'aikaciyar jinya ke kula da yaron da ba ya jin daɗi, don kada uwarsa ta rasa ranar aiki. Waɗanda suka tsara wannan sun fara ne da tambayar ƙarfe nawa uwa ke kama aiki, sannan suka gina gidan a kan amsar. Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka rufe su. Abin da misalin ke nuna mini shi ne duk lokacin da masu aiki suka matsu da buƙatar hannu, ba a ce reno sha'anin gida ne ba.

Amma wurin ƙera jirgi ba ya motsi, gini kuwa yana tafiya. Shi ya sa ba na ba ƙananan shirye-shirye shawarar su gina nasu gidan reno. Yana da tsada, yana buƙatar lasisi da ma'aikata, kuma bayan wata shida rabin masu koyonku suna wancan gefen gari. Ya fi dacewa da babban aiki da zai shekara da shekaru a wuri ɗaya. Irin wannan ne gwamnatin Amurka ta nufa a 2023 da ta ce duk kamfanin da ke neman tallafin fiye da dala miliyan 150 domin gina masana'antar ƙwaƙwalwar kwamfuta sai ya kawo tsarin reno na ma'aikatansa, har da maginan. A Indiya kuma ƙungiyar Mobile Creches tun 1969 take bin wuraren gini tana kafa wuraren reno na wucin gadi, domin a can iyalai a gefen ginin suke zama.

Ga shiri irin naku, misalai biyu sun fi kusa. A jihar Oregon ta Amurka, majalisa ta yi doka a 2009 cewa a ware wani ɗan kaso na kuɗin gina hanyoyi domin tallafa wa masu koyo. Daga ciki ake biyan kuɗin reno, kuɗin mai, kayan aiki da masauki idan an tura mutum nesa. Masu bincike na jami'ar jihar da ke Portland sun bi diddigin shirin shekaru, suka ga waɗanda suka samu tallafin sun fi sauran kai wa ga kammalawa, kuma samun wanda za a kira a yi shawara da shi idan abu ya rikice yana da nasa tasirin mai ƙarfi. A Boston kuma, a 2020 haɗakar ƙungiyoyin ƙwadago da na unguwanni mai suna Care That Works ta je wurin matan da ke renon yara a gidajensu da lasisi, ta ƙara musu kuɗi domin su riƙa buɗe ƙofa tun wajen biyar na asuba, sannan ta haɗa su da iyayen da ke aikin gini. Ba su gina ko ɗaki ɗaya ba. Awoyin da babu su a kasuwa suka saya. A ganina wannan ita ce dabarar da ta fi dacewa da ciwon, kuma tana tuna mana cewa mai renon ma ma'aikaciya ce mai nata iyalin, ba za ta tashi ƙarfe huɗu a kan ladan da ake ba ta na ƙarfe takwas ba.

Jamus ta bi ta wata hanyar, ta lanƙwasa koyon kansa. Tun 2005 doka ta yarda mai reno ya yi koyo na rabin lokaci, a 2020 aka buɗe wa kowa. Ana iya rage awoyin yini ko na mako har zuwa rabi, tsawon koyon ya ƙaru amma kada ya wuce ninki ɗaya da rabi. Tun Agustan 2013 kuma duk yaron da ya cika shekara ɗaya yana da haƙƙin gurbin reno a doka. Duk da haka, masu koyon rabin lokaci ba su kai 1 cikin 100 ba. Sai mai ba da aiki ya yarda ake yi, ajin makarantar sana'a kuma yawanci ba ya raguwa. Doka ta buɗe ƙofa, amma ogan da ke tsaye a bakin ƙofar shi ke da maganar ƙarshe, saboda haka duk abin da za ku tsara, ku zauna da 'yan kwangilar da za su karɓi masu koyonku tun kafin ku buga takarda.

Gargaɗi ɗaya, domin na ga masu kyakkyawar niyya sun faɗa wannan rami. Kada ku rataya tallafin a wuyan mata. A Chile doka ta ce kamfanin da ke da mata 20 ko fiye sai ya biya renon 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara biyu. Masu bincike suka gano cewa albashin da ake fara ba wa mata a irin waɗannan kamfanoni ya ragu, wato su ake sa wa su biya ta bayan gida, ga kuma dalilin da aka ba kamfani na ya tsaya a mace ta 19. Jodan tana da irin wannan doka, a 2019 ta gyara, ta koma ƙirga 'ya'yan ma'aikata, 15 'yan ƙasa da shekara biyar, ko na uwa ne ko na uba. Ku ma ku ce tallafin na mai ɗa ne. Kuma kuɗin ya fito daga asusun shirin gaba ɗaya, kada ya zama ɗan kwangilar da ya karɓi mai goyo shi kaɗai zai ɗauki nauyi, in ba haka ba gobe zai ce a turo masa marar ɗa.

Game da injina da malamai da ka ambata, ina tare da kai cewa ba a koyon walda ba inji. Amma ka lissafa abin da kuke kashewa a kan mutum ɗaya daga ranar da kuka tantance shi zuwa ƙarshen shekara ta biyu: lokacin malami, ƙarfen da ya ɓata yana koyo, kayan kariya, da jinkirin da ƙwararre ya yi yana nuna masa. A shekarun farko mai koyo ci yake yi, sai a na ƙarshe yake mayarwa. Wanda ya tafi a tsakiya ya tafi da duk abin da aka zuba masa, injin kuma yana nan a ajiye ba mai riƙe shi. A Amurka waɗanda ke kammala koyo ba su kai rabin waɗanda suka fara ba, kuma yawancin masu ficewa a farko-farko suke fita, daidai lokacin da albashi ke ƙasa.

Da ni ne a kujerarka, kafin a yi gardamar adadin kuɗi zan nemi a sa tambaya biyu a fom ɗin shiga, a kuma bayyana wa mutane cewa amsar ba za ta hana a ɗauke su ba: wa zai riƙe yaronka ƙarfe biyar na asuba, kuma in wannan ya gaza, wa ke bayansa? Amsoshin za su nuna muku inda kuɗin ya kamata ya je. Zan nemi a sanar da sauyin wurin aiki da mako biyu ko fiye, a sanar da ƙarin awoyi tun ana gobe duk inda hali ya yi. Zan nemi a ba wa wanda ya rasa aji hanyar ramawa, maimakon a ce fashi uku sallama. Kuɗin da za a ware kuma, kaso mafi tsoka ya tafi ga shekara ta farko da ta biyu, ya riƙa raguwa a hankali yadda albashi ke hawa, kada ya yanke rana ɗaya. A yarda a biya kaka ko maƙwabciya ko 'yar'uwa, domin su ne ke buɗe ƙofa da asuba. A kuma ajiye wani abu na gaggawa, na 'yan kwanaki a shekara, saboda ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi gidan reno ya ce ba zai karɓe shi ba.

Mai waldar nan da na ba ka labari, abin da ya cece ta bai taka kara ya karya ba. Mun samo wata mai reno a layinsu da ta yarda ta karɓi yaron ƙarfe biyar idan za a ƙara mata ladan awa biyu da rabi, asusun shirin ya biya na wata takwas, ogan kuma ya yarda ya riƙa gaya mata ranar ƙarin awoyi tun ana gobe. Ta gama shekarunta huɗu, ta karɓi takardarta. Akwai wasu biyu a zubinsu masu irin matsalarta da ban kira ofis da wuri ba, sai bayan sun daina zuwa na ji dalili, kuma a fayil ɗinsu har yau abin da ke rubuce shi ne yawan fashi.